Motarka na ƙin tashi da sanyin safiya? Kada ka yi saurin canza famfon mai

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, akwai wani sauti da ke zama ruwan dare da sassafe a unguwannin Kano da Zariya da Jos da Katsina: ƙarar sitata tana ta juya inji, injin kuma ya ƙi kamawa. Yara sun shirya za a kai su makaranta, mai gida na ta murɗa makulli, daga ƙarshe a nemo matasan layi su taimaka da turi.

Da rana motar lafiyarta ƙalau. Washegari da safe kuma a koma gidan jiya.

Idan aka je gareji, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne famfon mai ya mutu, wato abin da makanikai ke kira fiyal fam. A tafi Ƙofar Ruwa ko Fanteka a sayo wani, a ɗaga kujerar baya ko a sauke tanki, a ɗaura. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma bayan kwana biyu matsalar ta dawo, kuɗi sun tafi, an bar jaki an daki taiki.

Famfon mai yana cikin abubuwan da ke hana mota tashi da safe, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ne na farko da ya kamata a zarga ba. Akwai hanyoyin tabbatar da laifinsa kafin a fitar da ko kwabo, wasunsu ma mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida.

Me sanyi ke yi wa inji?

Kafin inji ya tashi yana buƙatar juyi mai ƙarfi daga sitata, da iska, da fetur daidai gwargwado, da tartsatsin wuta daga filogi a kan lokaci. Sanyi yana taɓa kusan kowanne daga cikinsu.

Fetur ba ya ci da wuta yana ruwa, tururinsa ne ke ci. Idan inji ya ɗauki zafi, ana cakuɗa kusan kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur bisa nauyi, kuma hakan ya wadatar. Da sanyi kuwa, wani ɓangare na man da nozul ya feso yakan manne a jikin ƙarfe mai sanyi, bai zama tururi ba. Dole sai an ƙara yawan mai kafin wuta ta kama.

Wannan ne dalilin da ya sa ake ja wa janareta da babur cok da safe. Motocin zamani ba su da cok na hannu. Kwamfutar mota, wadda aka fi sani da biren bokis, ita ce ke ƙara man, bisa bayanin da take samu daga sensar da ke auna zafin ruwan inji.

A lokaci guda kuma sanyi yana sa baƙin mai ya yi kauri, juya injin ya ƙara nauyi, ƙarfin batir kuma ya ragu. Sanyinmu bai kai na Turai ba. A Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba a tsakiyar hunturu, a Jos kuma wasu safiyoyin ƙasa da 10. Wannan bai isa ya hana lafiyayyiyar mota tashi ba. Abin da sanyin ke yi shi ne ya tona asirin wani abu da ya daɗe da raunana, wanda zafin rana ke rufa masa asiri.

Fara da kunnenka

Kafin a buɗe bonet, sautin da motar ke yi idan an murɗa makulli ya isa ya raba matsalar gida uku.

Na farko: ka ji ƙas-ƙas kawai, ko injin ya juya a hankali kamar mai jin barci, fitilun dashbod suna dusashewa. Wannan maganar wuta ce: batir, ko kawunansa, ko sitata. Babu ruwan famfon mai a nan.

Na biyu: injin na juyawa da ƙarfinsa, amma ya ƙi kamawa, ko sai an daɗe ana yi masa ki sannan ya kama. A nan ne za a fara tunanin mai, ko wutar filogi, ko sensa.

Na uku: motar ta tashi, amma tana karkarwa, tana mis, ba ta riƙe silo, ko ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, sannan bayan minti biyar zuwa goma komai ya daidaita. Irin wannan ya fi karkata ga filogi, ko dattin maƙogwaron iska, ko iskar da ke shiga inji ta inda bai kamata ba.

Wanda ya iya faɗa wa makaniki wanne daga cikin ukun nan motarsa ke yi, ya riga ya rage rabin aikin. Ya fi kyau ma a ɗauki bidiyon abin da waya, domin kafin a isa gareji injin ya yi zafi, alamar ta ɓace.

Batir ne farkon abin dubawa

Zafin watannin Maris zuwa Mayu shi ne ke cinye batir, sanyin Disamba kuma ya bayyana ɓarnar. Shi ya sa batirin da ya yi aiki lafiya duk damina zai iya durƙushewa a farkon hunturu.

Ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda kowane mai wayarin ke da ita, za ta faɗi gaskiya. Batirin da ya cika caji, bayan ya kwana ba a taɓa shi ba, yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin caji ne. Lokacin da ake yi wa mota ki bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. Idan injin na aiki kuma, ya kamata a ga tsakanin 13.5 zuwa 14.5, alamar altaneta na caji kenan.

Raunin batir yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Famfon mai da kwayil da kwamfutar mota duk daga batirin nan suke sha. Idan sitata ta janye wutar, famfo zai yi sanyin aiki, tartsatsin filogi ya yi rauni. Sai a ga kamar famfon ne ya gaza, alhali wuta ce ba ta isar sa.

A duba kawunan batir ma. Farin garin nan ko koren da ke taruwa a kansu, da kan da ya yi sako-sako har ake cusa masa ƙusa, suna hana wuta wucewa.

Yadda famfon mai ke nuna ya gaji

A mafi yawan motocin da ke amfani da nozul, famfon ƙaramin inji ne mai aiki da lantarki da ke zaune cikin tanki, a nutse cikin fetur. Yana zuƙo mai ta wata rariya, ya tura shi ta bututu zuwa nozuloli da ƙarfin da yawanci ke tsakanin PSI 40 zuwa 60.

Famfon da ya raunana ya fi nuna kansa lokacin da inji ke neman mai da yawa, ko lokacin da shi famfon ya ɗauki zafi. Motar za ta riƙa fizga idan an taka totur, ta rasa ƙarfi a kan hawa ko wajen wuce babbar mota, ta mutu bayan doguwar tafiya da tsakar rana, sannan ta tashi bayan ta huta na ɗan lokaci. Wani lokaci za a ji kuka mai tsini daga wajen tanki.

Saboda haka, motar da ke hawa tudun Hawan Kibo ba tare da tari ba, take gudu a kan titin Kano zuwa Kaduna lafiya, amma take wahalar tashi da safe kawai, da wuya a ce ƙarfin famfonta ne ya ƙare.

Sai dai akwai wata hanya guda da famfo ke shafar tashin safe kai tsaye. A bakinsa akwai ɗan bawul da ke hana mai komawa tanki bayan an kashe mota. Aikinsa shi ne ya riƙe mai a cikin bututu, ta yadda da an murɗa makulli nozul zai samu abin fesawa nan take. Idan bawul ɗin ya lalace, mai zai tsiyaye ya koma tanki cikin dare. Da safe sai famfo ya sake cika bututun tun daga tanki har inji, shi ya sa ake daɗewa ana ki.

Gwaje-gwajen da za ka iya yi a gida

Kashe rediyo da fanka, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar da inji ba. A motoci da yawa za ka ji wani siririn ruri daga baya na daƙiƙa biyu zuwa uku. Famfo ne ke tara mai. Idan ba ka ji daga ciki ba, a buɗe murfin tanki wani ya kara kunne.

Amma a kula: motocin Toyota da yawa na shekarun baya famfonsu ba ya tashi sai lokacin da sitata ke juya inji. Shirun irin waɗannan ba hujja ba ce.

Idan motarka na cikin masu rurin, ga gwaji na biyu. Da safe kafin ka tayar, murɗa makullin zuwa dashbod, ka jira daƙiƙa uku, ka kashe. Maimaita sau uku, sannan ka yi ki. Idan ta tashi nan take saɓanin yadda ta saba, to mai ne ke tsiyayewa cikin dare. Abin da ya rage shi ne a gano ta ina: bawul ɗin famfo, ko nozul mai ɗiga, ko na'urar daidaita ƙarfin mai.

Idan kuwa babu ruri ko kaɗan, kada a yi gaggawa. A duba fis ɗin famfo. A duba rile ɗinsa, wanda sau da yawa akan samu irinsa sak a cikin akwatin fis, kamar na ham, sai a musanya a gani. A duba fitilar makulli a dashbod, domin idan na'urar hana sata ba ta gane makullin ba, za ta hana motar tashi. Sannan mai wayarin ya auna ko cikakkiyar wuta tana isa soket ɗin famfon. Wayar da ta ci tsatsa ko soket ɗin da ya ƙone sun sha sa a zubar da famfo mai lafiya.

Akwai dabarar da direbobi suka sani, ta bubbuga ƙasan tanki yayin da wani ke yin ki. Idan motar ta tashi da hakan, alama ce mai ƙarfi cewa cikin famfon ya cinye. Dabarar fita daga daji ce kawai, a nufi gareji kai tsaye.

Geji ne alƙali

Abin da ke raba gardama shi ne ma'aunin ƙarfin mai, wato geji da ake haɗawa da bututun mai kusa da inji. Cire bututu a ga mai na zuba ba gwaji ba ne. Famfon da ya rasa rabin ƙarfinsa ma zai zubo da mai idan bututun a buɗe yake.

Ɗauki misalin Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8, wadda ta cika titunanmu. Ƙa'idar kamfanin ita ce ƙarfin mai ya kasance tsakanin PSI 44 zuwa 50, kuma bayan an kashe injin da minti biyar kada ya faɗo ƙasa da PSI 21. Kowace mota da nata adadin, amma tsarin gwajin ɗaya ne.

Idan allurar ba ta kai adadin ba tun farko, ana zargin famfo, ko toshewar rariya da filta, ko ƙarancin wuta. Idan ta kai amma ta faɗi lokacin da aka taka totur, mai ne ba ya isowa da yawa. Idan ta kai kuma ta tsaya daram lokacin aiki, amma ta zube da sauri bayan an kashe, akwai inda ke yoyo.

Nozul mai ɗiga yana barin shaida: filogin silindar a jiƙe da fetur ko baƙi ƙirin, baƙin hayaƙi daga salansa da an tashi, wani lokaci har baƙin mai ya riƙa warin fetur. A motocin da na'urar daidaita ƙarfin mai ke kusa da inji, a zare ƙaramin tiyon iskar da ke kanta. Idan akwai fetur a ciki, robarta ta fashe.

Masu sa a zargi famfo

Sensar zafin ruwa tana sahun gaba. Idan ta lalace ta gaya wa kwamfuta cewa injin da zafi alhali da sanyi yake, ba za a ƙara mai ba, kamar dai a tayar da janareta da safe ba a ja cok ba. Idan kuma ta nuna sanyin da ya wuce kima, mai zai yi yawa ya jiƙa filogi. Kuɗinta bai kai na famfo mai kyau ba, kuma canza ta aikin mintuna ne a yawancin motoci.

Sai filogi da kwayil. Filogin da bakinsa ya cinye yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya yi tartsatsi, abin da batir ba ya iya bayarwa sosai da sanyi.

Ƙurar hunturu kuma tana da nata kason. Tana toshe iyakilina, tana lulluɓe sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, tana haɗuwa da maiƙo ta daskare a maƙogwaron iska, inda ake daidaita silo. Wanke maƙogwaron da sensar, kowanne da irin maganin feshin da aka yi dominsa, yakan kawo ƙarshen mutuwar mota da safe.

Akwai kuma satar iska. Roba tana tsukewa da sanyi, ta buɗe da zafi. Gasket ɗin bututun shigar iska da ya tsufa zai iya barin iska ta shiga da safe, mai ya yi ƙaranci, injin ya yi ta karkarwa, da ya ɗumama kuma ramin ya rufe. An san injin Corollar da aka ambata da wannan matsala.

Baƙin mai ma abin dubawa ne. Kamfanin Toyota ya ba da shawarar 5W-30 ga wannan Corolla, amma da yawa 20W-50 ake zuba mata. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, kuma ƙaramar lamba ta fi saurin zagayawa. Mai kauri yana ƙara wa sitata da batir nauyi da safe.

Haka nan al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da sunan maganin obahitin. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta zuba mai da yawa, filogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru.

Na ƙarshe, wanda ya fi tsada: idan motar na mis da safe, farin hayaƙi ya ƙi yankewa bayan injin ya yi zafi, kuma ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, a gwada gasket ɗin kan inji. Ɗan farin tururi na mintunan farko kuwa ba matsala ba ne. Ga masu motar dizal, wahalar tashi da sanyi da farin hayaƙi ta fi alaƙa da hitocin da ke ɗumama silinda.

A sa mata kwamfuta, amma a karanta da hankali

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu amfani da fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari da ake haɗa na'urar bincike. Lambobin da take fitarwa suna nuna inda za a dosa.

P0301 zuwa P0304 na nufin mis, lambar ƙarshe kuma ita ce silindar da abin ya shafa. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0172 akasin haka. P0115 zuwa P0119 sun shafi sensar zafin ruwa. P0230 layin wutar famfo ne, P0087 kuma ƙarancin ƙarfin mai.

Lamba ba ta cewa a canza kaza. P0171 kaɗai zai iya fitowa daga raunin famfo, ko satar iska, ko dattin sensa. Kuma a motoci da yawa famfo na iya mutuwa ba tare da wata lamba ta fito ba.

Gwaji mafi amfani shi ne motar ta kwana a gareji, a haɗa na'urar da safe kafin a tayar. Zafin ruwan inji da zafin iskar da na'urar ke nunawa ya kamata su yi kusa da juna. Idan ɗaya ya ce digiri 16, ɗayan ya ce 60, an kama mai laifi.

Abin da ke kashe famfo a ƙasar nan

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a jihohin Arewa cikin kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000. Cika tanki ya zama sai wane da wane. Masu motoci da yawa lita biyar ko goma suke sha, fitilar rizab a kunne kullum.

Famfo ne ke biyan bashin. Fetur ɗin da yake ciki shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke zame masa man shafawa. Idan mai ya yi ƙasa sosai, a kwana ko a hawa yakan zuƙi iska, ya yi zafi, cikinsa ya riƙa cinyewa. Barin mota ta mutu don ƙarewar mai ya fi komai illa. Tankin da ba kowa a ciki kuma yana tara raɓa da daddare, ruwan ya kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa.

Riƙe kwatan tanki ba ya ƙara yawan man da mota ke sha. Sau ɗaya za a yi ƙoƙarin kai allurar wurin, daga nan a ci gaba da zuba lita biyar ɗin da aka saba, amma a kan kwata maimakon a kan rizab.

Ingancin man ma abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, abin da ya jawo dogayen layuka da koke-koken lalacewar motoci. Man galan na 'yan bumburutu kuwa babu mai tabbacin abin da ke cikinsa, ga ƙura da ruwa. Idan matsala ta fara washegarin shan mai a wani sabon wuri, a zuƙo kaɗan daga tanki a zuba a kwalba mai haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa, a gan shi ƙarara.

Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da gas na CNG su ma su kula. Yawancin irin wannan haɗi da fetur mota ke tashi, sai ta ɗumama take komawa gas, kuma a wasu famfon na ci gaba da juyawa. Barin tankin fetur a bushe, ko barin tsohon mai ya yi watanni a ciki, yana kawo wahalar tashi da mutuwar famfo.

Wani lokaci kuma laifin daga masana'anta yake. A shekarar 2020 kamfanin Toyota ya yi kiranyen miliyoyin motocin Toyota da Lexus saboda famfon kamfanin Denso, wanda farfelar cikinsa ke iya kumbura ta cije. A Disamban 2023 Honda ma ta yi kiranyen kusan motoci miliyan biyu da rabi a Amurka kan irin wannan matsala. Irin waɗannan motoci na shigowa Najeriya a matsayin na hannu. Mai motar da ta fito daga Amurka zai iya saka lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a shafin intanet na hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, ya ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba.

Idan an tabbatar famfon ne

A sayi wanda ya dace da ƙirar motar, ba kowane wanda ya shiga ramin ba. Famfon da ƙarfinsa bai kai ba zai sa mota fizga tun ranar farko. Araha ba ta ado, kuma na Beljiyam sa'a ne, domin ba a san tsawon tafiyar da ya yi ba. Duk wanda za a saya, a nemi sharaɗin mayarwa, a kuma sake sa geji bayan an ɗaura.

A canza rariyar famfon tare da shi, a canza filta idan motar na da ta waje, a leƙa cikin tanki. Idan akwai tsatsa ko laka ba a wanke ba, sabon ma ba zai daɗe ba.

Kada a yarda mai wayarin ya haɗa famfo kai tsaye da makulli ya tsallake rile. An tsara motar ne ta yanke mai da zarar inji ya tsaya. Idan aka yi haɗari bututu ya fashe, famfon da aka haɗa kai tsaye zai ci gaba da feso fetur.

Aikin mai aikin wuta ne. A cire kan batir kafin a buɗe tanki. Ba taba, ba garwashi, ba walda a kusa. Gwada famfo a cikin bokitin fetur ana dangwala waya a jikin batir ganganci ne, tartsatsi ɗaya ya isa. Haka zuba fetur a maƙogwaron iska don a tayar da mota, wuta na iya dawowa ta ƙona fuska. Sababbin motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da famfo na biyu a jikin inji mai ƙarfin da ya ninka na tanki sau da dama, ba a kwance bututunsa sai wanda ya san aikin.

A wajen tayarwa kuma, kada ki ɗaya ya wuce daƙiƙa goma, a huta kafin a sake, don kada sitata ta ƙone. Ba a yi wa mota mai giyar otomatik turi. Ba a ɗumama mota a rufaffen gareji, hayaƙinta na kisa ba tare da an ji wari ba. Kuma da ta tashi ba sai an yi ta zuga totur ba, minti ɗaya ya isa, sannan a fara tafiya a hankali.

Tambayoyi uku kafin ka biya

Duk makanikin da ya ce famfo ne, mai mota na da haƙƙin ya tambaye shi cikin mutunci: Nawa batir ya nuna lokacin ki? Nawa geji ya nuna, da injin na aiki da kuma bayan an kashe? Wuta tana isa soket ɗin famfon?

Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayoyin nan ba, zai ma nuna maka allurar da idonka. Idan babu geji a garejin, kuɗin kai motar inda ake da shi a auna bai kai kuɗin famfon da za a canza a bisa zato ba.